Agogon Da Ya Ƙirga Takun Ƙafa A Matsayin Bugun Zuciya: Nazarin Lamarin Wani Mai Sassarfa A Kano

Kowace asuba, bayan an idar da salla gari ya fara wayewa, mukan haɗu mu kusan goma sha biyu a filin sukuwa da ke unguwar Nasarawa a birnin Kano, mu yi sassarfa ta minti arba'in zuwa awa guda kafin kowa ya kama hanyar wurin aikinsa. Ni ne nake tsara wa ƙungiyar tamu yadda gudun kowane mako zai kasance, saboda na fi sauran daɗewa a harkar, shi ya sa idan wani ya ga abin da bai gane ba a jikinsa ko a agogonsa, wurina yake fara kawowa. Lamarin da zan bayyana a nan ya shafi ɗaya daga cikinmu, malamin makarantar sakandare mai shekara 44, wanda zan riƙa kira Malam kawai kamar yadda muke kiransa a fili, kuma da yardarsa nake rubuta wannan.

Malam bai shigo sassarfa don sha'awar tsere ba. Hawan jini ne ya shanye wa mahaifinsa ɓarin jiki shekaru kafin rasuwarsa, shi ma da aka auna shi aka ga nasa jinin ya fara hawa, likita ya ba shi shawarar rage gishiri da yawan motsa jiki. Ya shekara biyu yana fitowa ba fashi, nauyinsa ya ragu, barcinsa ya gyaru. A ƙarshen damina ya tara kuɗi ya sayi agogon gudu a kasuwar Farm Centre, na asali ba jabu ba, irin wanda ke auna nisan tafiya da saurin gudu da yawan taku, kuma yake da 'yar fitila koriya a bayansa wadda ke auna bugun zuciya daga tsintsiyar hannu. Wannan bugun zuciyar shi ne ainihin abin da ya sa ya saya, domin mutumin da ya yi jinyar mahaifinsa a wannan hali ba zai rasa son ganin abin da zuciyarsa take ciki ba.

Watanni biyun farko komai ya tafi daidai. A sassarfa mai sauƙi agogon yakan nuna masa tsakanin 135 da 145 a minti guda. Da hunturu ya kankama a tsakiyar Disamba, sai lambar ta fara tsallakawa zuwa 172, wani lokaci 175, alhali gudun bai ƙaru ba, hanyar ma ita ce dai wadda muka saba. Yana ganin haka sai ya tsaya cak ya koma tafiya a ƙasa. Da abin ya maimaita kansa safiya huɗu a jere, uwargidansa ta matsa masa ya je asibiti, kuma a ganina ta yi daidai. An auna jininsa, an yi masa gwajin wutar zuciya da likitoci ke kira ECG yana kwance, ba a ga wata matsala ba, aka ce ya ci gaba da motsa jiki amma ya dawo nan take idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya ce an auna shi ne yana kwance, shi kuwa a guje abin yake faruwa. Ya yi mako uku bai fito ba.

Ranar da ya dawo na tafi kafaɗa da kafaɗa da shi. Bayan kamar minti goma ya ɗago hannu ya nuna mini 174, amma a daidai wannan lokacin yana ba ni labarin ɗalibansa cikin cikakkun jimloli, ba ya ko haki. Akwai lissafin da aka daɗe ana amfani da shi wajen ƙiyasta ƙurewar bugun zuciyar mutum, wato a cire shekarunsa daga 220, wanda ga Malam ya ba da 176. Wani lissafin da wani mai bincike, Tanaka, da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wato 208 a cire kashi bakwai cikin goma na shekarun mutum, ya ba da kusan 177. Dukansu biyun ƙiyasi ne, kuma mutum zai iya zama sama ko ƙasa da su da bugu goma ko fiye, amma ko yaya aka juya lissafin, wanda zuciyarsa ta kusa ƙurewa ba ya iya haɗa kalma biyar ba tare da ya ja numfashi ba. Na ce masa, "Malam, tsaya mu ƙirga da yatsa." Na ɗora yatsu biyu a tsintsiyar ɗaya hannun nasa, ƙasa da gindin babban yatsa, na ƙirga bugu 35 a daƙiƙa 15, wanda idan aka ninka sau huɗu ya zama 140. Ko da an yi la'akari da cewa zuciya takan fara sauka da zarar mutum ya tsaya, babu yadda za a yi ta sauko da bugu 34 a cikin 'yan daƙiƙun da muka ɗauka.

Da muka zauna muka buɗe manhajar agogon a wayarsa, sai amsar ta fito a zane. Layin bugun zuciya ya taso a hankali daga 90 zuwa 138 a mintunan farko, kamar yadda zuciyar mutum take yi, sannan a cikin daƙiƙu kaɗan ya yi tsalle zuwa 173 ya miƙe a nan kamar an ja shi da rula. A ƙarƙashinsa akwai layin yawan taku, kuma takun Malam a wannan safiyar yana tsakanin 172 da 174 a minti. Da muka ɗora layukan biyu a kan juna, sai suka zama layi guda. Agogon ya saki zuciya ya kama ƙafa.

Sai an san yadda na'urar take aiki za a gane dalilin wannan. Fitilar da ke bayan agogon tana haska fata da koren haske sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kusa da ita kuma akwai wani ɗan ido da ke auna yawan hasken da ya dawo. Jini ja ne saboda yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga ƙananan hanyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata suka cika, hasken da ke dawowa yakan ragu kaɗan, idan ta saki kuma ya ƙaru. Wannan hawa da saukar hasken agogon yake ƙirgawa. Matsalar ita ce bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai idan aka kwatanta da dukkan hasken da ke dawowa, kuma tsintsiyar hannu wuri ne mai ƙashi da jijiyoyi wanda ba shi da tsoka sosai. Mai gudu kuwa hannunsa yana lilo, duk takun da ya yi yana girgiza agogon a kan fata, yana kuma tunkuɗa jinin da ke cikin hannun gaba da baya. Ita ma wannan girgizar tana sa haske ya hau ya sauka a kan tsari, bugu bayan bugu, tamkar zuciya. Masu ƙera agogon sun san da haka, shi ya sa suke sa wata na'urar jin motsi a ciki domin manhajar ta gane abin da ya fito daga taku ta cire shi. Amma idan alamar jinin ta yi rauni, alamar motsin kuma ta yi ƙarfi, manhajar takan riƙe wadda ta fi fitowa sarai. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yawan takun mai sassarfa, wanda galibi yakan faɗa tsakanin 160 da 180 a minti, lamba ce da zuciyar mutum ma take iya kaiwa, don haka manhajar ba ta da dalilin ƙin yarda da ita.

Saura tambayar me ya raunana alamar jinin a Disamba alhali a Oktoba lafiya lau take. Abu biyu muka gano. Na farko sanyi. A asubar hunturu ta Kano, lokacin da iska ke kaɗawa da ƙura, jiki yakan tsuke hanyoyin jinin da ke fata da yatsu domin ya adana ɗumi a ciki, kuma duk wanda ya yi alwala da ruwan randa a irin wannan lokaci ya san yadda hannu yake ƙandarewa. Malam yakan fito daga masallaci da hannu a sanyaye, da riga mai gajeren hannu, ya fara gudu ke nan. Na biyu ɗaurin agogon. Hunturu ya busar masa da fata har ta fara ƙaiƙayi a ƙarƙashin maɗaurin roba, sai ya sassauta shi da rami biyu, agogon ya zame ya zauna a kan ƙashin nan da ya ɓullo a gefen tsintsiyar hannu, inda yake rawa da kowane taku har hasken waje yana shiga ta ƙarƙashinsa.

Ban so mu tsaya a kan zato ba, sai na ara masa ɗamarar ƙirjina. Ita wannan ɗamarar ba ruwanta da haske, tana jin ƙaramar wutar da tsokar zuciya take fitarwa ne a kowane bugu ta wasu faifai biyu da ke manne da fata, irin abin da na'urar ECG take ji. Tsohuwar fasaha ce, domin kamfanin Polar na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1977, ya fitar da irinta marar waya tun 1982, agogunan gudu masu koriyar fitila kuwa ba su yaɗu sosai ba sai wajajen 2015. Ita ma tana da nata sharaɗin, wanda a hunturu ya fi muhimmanci, wato sai an jiƙa faifan da ruwa kafin a ɗaura, in ba haka ba busasshiyar fata takan sa ta ba da lambobin banza a mintunan farko kafin gumi ya tsatso. Muka haɗa ɗamarar da wayata, agogon kuma muka bar shi yana nasa aunawar, muka yi gwaji na safiya uku.

Safiyar farko ya ɗaura agogon a sake kamar yadda ya saba. A minti na takwas agogon ya koma 173, ɗamara tana nuna 139, kuma haka suka tafi har ƙarshen gudun in ban da 'yan wurare da agogon ya dawo hanya ya sake ɓacewa. Safiya ta biyu muka matsar da agogon sama da ƙashin da faɗin yatsa biyu, muka ɗaure shi yadda ba ya motsi idan an girgiza hannu amma bai shaƙe jini ba, ya sa riga mai dogon hannu, muka kuma yi tafiyar minti goma kafin a fara gudu. Tun daga farko har ƙarshe bambancin agogo da ɗamara bai wuce bugu uku zuwa huɗu ba. Safiya ta uku muka bar ɗaurin yadda yake muka sauya salon gudu, minti guda da ƙarfi, minti biyu a hankali, sau shida. A nan agogon bai kama taku ba, amma ya riƙa makara. Ɗamara takan nuna 160 tun kafin mintin ƙarfin ya ƙare, agogon kuwa yana can wajen 148, ba ya cim mata sai Malam ya riga ya rage gudu. Dalili shi ne manhajar tana tattara bugu na daƙiƙu da yawa ta fitar da matsakaici domin ta kauce wa kurakuran motsi, wannan tattarawar kuwa lokaci take ci.

Abin da muka gani bai saɓa wa binciken da aka wallafa ba. Masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun ɗora mutum 50 a kan injin gudu suka kwatanta agoguna huɗu da ɗamarar ƙirji da na'urar ECG, a wani aiki da ya fito a mujallar JAMA Cardiology a 2017. A ma'aunin daidaito da ECG, inda 1 ke nufin babu bambanci ko kaɗan, ɗamarar ta sami 0.99, agogunan kuwa suka faɗa tsakanin 0.83 da 0.91. A shekarar 2017 ɗin dai jami'ar Stanford ta wallafa gwajin na'urori bakwai a kan mutum 60, shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba, wanda sakamako ne mai kyau. Sai dai ko ɗaya bai ƙiyasta yawan kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, daidai ba, wanda ya fi kusa ma ya kauce da kashi 27 cikin 100, kuma ina ambaton wannan ne saboda na san da yawa daga cikinmu da wannan lambar suke yanke abin da za su ci da rana.

Malam ya yi mini wata tambaya da ta fi duk sauran nauyi. Ya ce, "Yaya, anya ba don fatata baƙa ce ba?" Tambayar tana da tushe. Sinadarin melanin da ke ba fata launi yana shanye koren haske, ke nan mai duhun fata hasken da ke kaiwa ga jininsa ya dawo ya fi kaɗan, shi ya sa wasu agogunan suke ƙara ƙarfin fitila da kansu idan alama ta yi rauni. Binciken Stanford ya ga kuskure ya ɗan fi yawa ga masu duhun fata da masu ƙiba. Amma na jami'ar Duke da ya fito a 2020, wanda aka tsara musamman domin wannan tambayar da mutum 53 masu launin fata daban-daban da na'urori shida, bai ga wani bambanci mai ma'ana tsakanin launukan ba, abin da ya gani shi ne kuskure yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100 idan mutum yana motsi a kan idan yana hutawa. Wasu masanan sun soki wannan binciken da cewa masu duhun fata sosai ba su da yawa a cikinsa. Ni dai abin da ya dame ni shi ne dukkan waɗannan gwaje-gwajen a Amurka aka yi su, a cikin ɗakunan bincike, nesa da ƙurar hunturu da zafin bazara, alhali mu da muke ɗaura agogon a nan kusan dukanmu muna ɓangaren duhun ma'aunin fata ne. Aiki ne da ɗaliban kimiyyar motsa jiki a jami'o'inmu na Kano za su iya yi da ɗamara ɗaya da agoguna kaɗan. Game da Malam kuwa, fatarsa ta safiyar farko ita ce ta safiya ta biyu, ɗauri da ɗumi kawai muka sauya kuskuren ya ɓace, don haka ko launin fata yana da hannu, bai isa shi kaɗai ya jawo abin ba.

Da a nan lamarin ya ƙare da ban rubuta shi ba. A watan Afrilu ayyukan makaranta suka hana Malam fitowa da asuba, sai ya koma gudu shi kaɗai bayan la'asar a titunan unguwarsu. Duk ɗan Kano ya san Afrilu, watan da zafin rana yake haura digiri 40, kwalta kuma tana fitar da turiri har kusan magariba. Wata ranar Talata, bayan ya wuni yana koyarwa bai sha ruwan kirki ba, agogon ya nuna masa 160, ya nuna 166, ya kai 171. Ya dube shi ya ce a ransa tsohuwar matsalar ce ta dawo, ya ci gaba da gudu. Bai daɗe ba jiri ya ɗebe shi, ƙafafunsa suka yi sanyi, ya zauna a bakin wani shago inda mai shagon ya ba shi ruwan leda ya sha ya kwara sauran a kai, sannan ya sa aka kira ƙaninsa ya zo ya ɗauke shi. Washegari ya koma wurin likita, aka sake duba shi, aka ce zafi ne da ƙarancin ruwa, aka hana shi gudu a irin wannan lokaci.

Da na duba zanen wannan ranar, sai na ga bai yi kama da na hunturu ba ko kaɗan. Babu tsalle. Layin ya tashi daga 140 yana hawa sannu a hankali tsawon rabin awa kamar mai hawan Goron Dutse, layin takun kuwa yana sauka daga 172 zuwa 163 saboda gajiya, har suka gitta juna kowanne ya yi nasa wuri. Agogon yana ɗaure da kyau, zafi ya buɗe hanyoyin jinin fata, alamar da yake samu ta fi ta kowane lokaci ƙarfi. Gaskiya yake faɗa. A cikin zafi jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata domin ya huce, gumi yana rage ruwan da ke cikin jinin, abin da zuciya take tunkuɗawa a kowane bugu yana raguwa, dole ta ƙara yawan bugu domin ta cike giɓin ko da saurin gudun bai ƙaru ba.

A wannan gaɓar akwai laifina, kuma ina jin nauyinsa. Na zauna na nuna wa Malam yadda agogo yake kuskure, har ya gamsu, amma ban koya masa yadda zai gane lokacin da agogon yake daidai ba. Na cire masa tsoro ban ba shi ma'auni ba, sai ya ɗauki darasin hunturu ya shiga da shi bazara. Alamomin rarrabewar kuwa masu sauƙi ne. Lambar da ta yi tsalle farat ɗaya ta je ta zauna daidai da yawan taku, alhali mutum yana magana ba haki, galibi kuskuren na'ura ce. Lambar da ta hau a hankali, numfashi yana bin ta, jiki yana nauyi, ta zuciya ce. Ko a tsallen ma akwai togaciya, domin akwai cututtukan zuciya da kan sa bugu ya tashi farat ɗaya, saboda haka tsayawa a ƙirga da yatsa na daƙiƙa 15 shi ne yake raba gardama, idan kuwa yatsa ya tabbatar da lambar, ko akwai jiri ko ciwon ƙirji, magana ta koma hannun likita, ko me agogon ya nuna.

Malam ya dawo cikinmu da asuba tun farkon damina. Ya shirya fuskar agogonsa yadda bugun zuciya da yawan taku suke fitowa kusa da juna domin ya gan su da kallo ɗaya, ya sauya maɗaurin roba da na zare wanda ba ya sa shi ƙaiƙayi, ya kuma sayi ɗamarar ƙirji tasa wadda yake ɗaurawa ranar Alhamis da muke gudu mai ƙarfi, sauran ranakun ya bar wa agogon aikin. Mutum huɗu a ƙungiyar sun nemi a yi musu irin gwajin safiya ukun nan, kuma mun tsayar da cewa za mu jira hunturu ya shigo mu fara a makon farko na Janairu, mu sake maimaitawa a Afrilu da ɗamara ɗaya da agogunan da suke ɗaurawa yanzu.